Ladi Kwali: Maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan naira 20

Takardar naira 20 ta daɗe da rasa ƙimar da za ta sa mutum ya tsaya ya dube ta kafin ya miƙa. Wanda ya tsaya ya duba zai ga hoton marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed a gabanta, idan kuma ya juya bayanta zai ga wata mata da ɗankwali, hannuwanta a kan aikin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, mace ɗaya tilo da aka buga hotonta da sunanta a kan kuɗin Nijeriya. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da wannan takarda a shekarar 2007, shekaru 23 bayan rasuwarta. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta riƙe sarauta ko muƙamin gwamnati ba. Sana'arta ginin tukwane, kuma da ita ta kai inda ta kai.

An haife ta wajajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gwarawa, wurin da a yau yake ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Sunan Ladi, kamar yadda kowane Bahaushe ya sani, na wadda aka haifa ranar Lahadi ne. Kwali kuwa sunan garinsu ne da ya bi ta har ya zame mata suna. A wannan yanki ginin tukwane aikin mata ne, saɓanin wasu garuruwan ƙasar Hausa inda maza ke riƙe da sana'ar. Yarinya takan tashi ta tarar da manyan mata suna haƙo yumɓu, suna cuɗa shi, suna gini a inuwa, sai ta fara da ɗebo ruwa da tara itace har hannunta ya faɗa. Ladi ta koya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kuma tun tana ƙarama aka fara bambance aikinta da na sa'o'inta.

Yadda matan Gwari ke gina tulu abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk abin da ya faru da Ladi daga baya a kan wannan gwaninta ya ginu. Babu keke, babu inji. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan ƙwarya ko gindin tsohuwar tukunya, ta dunƙule hannu ta fafe tsakiyarsa, sannan ta riƙa jan yumɓun daga ciki zuwa sama da yatsunta, ɗaya hannun yana tallafe da bangon daga waje. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce ke zagaya ta, a sunkuye, taku bayan taku. Idan yumɓun farko ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya mai kauri, ta ɗora a baki, ta haɗe shi da na ƙasa, ta ci gaba da zagaye har ciki ya buɗe, kafaɗa ta rufo, wuya ya tashi. Ma'auninta idonta ne da tafin hannunta. Kayan aikin kuwa ba su wuce abin da ake tsinta a tsakar gida ba: sakaina, katantanwa, ɗan tsumma jiƙaƙƙe na gyaran baki, da ɗan guntun itace mai tsaga-tsaga ko murɗaɗɗen zare da ake gangarawa a jikin ɗanyen yumɓu ya bar zane.

A nan Ladi ta yi fice ta fuska biyu. Tulunta yakan fito da daidaito kamar an auna shi, bango ba kauri a nan da sirantaka a can. Sannan ga zanenta. Takan raba jikin tulun gida-gida da layuka, a kowane gida ta zana wata halitta da tsinin wuƙa ko ɗan ƙarfe: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu. Ba ta zana su yadda ido ke ganinsu. Takan miƙe jikinsu ko ta lanƙwasa shi ya dace da cikin tulun, ta cike su da ƙananan layuka, har ya zama da wuya a ce ga inda dabba ta ƙare ado ya fara.

Bayan tukwane sun bushe sai gashi. A fili ake yinsa: a jera su, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Cikin ɗan lokaci an gama, domin zafin irin wannan wuta ba ya kai wanda zai narkar da yumɓu ya toshe shi ruf. Sau da yawa akan yayyafa musu ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, tun suna da zafi, ya ba su duhu da ɗan sheƙi. Abin da ke fitowa tukunya ce mara nauyi, mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Waɗannan ƙofofi su ne sirrin randa. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu zuwa waje, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi ko da tsakar bazara ne. Su ne kuma ke sa tukunyar miya ta jure harshen wuta a kan murhu ba ta tsage ba. Domin haka aka gina ta: a ɗebo ruwa, a adana shi, a dafa abinci, a zuba hatsi.

Sunan Ladi ya riga ya fita daga Kwali kafin wani Bature ya ji labarinta. Sarkin Abuja na wancan zamani, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya mallaki tulunanta da dama, ya ajiye su a fadarsa don kyansu. Abujar da ake magana a nan ita ce Suleja ta yau, garin da zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa a ƙarni na 19. Sai bayan da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 ne aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja. Mutanen nan biyu da ke gaba da bayan naira 20 ashe ƙasa ɗaya ta haɗa su, ko da yake ta hanyoyi daban.

A wannan fada ne Michael Cardew ya fara ganin aikinta a 1950. Cardew maginin tukwane ne ɗan Ingila, almajirin Bernard Leach, wanda ya riga ya shafe shekaru yana fama da kafa masana'antar tangaran a ƙasar Gana, a Vume da ke bakin kogin Volta, ba tare da samun nasarar da ya so ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu, ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu da maginansa. Ra'ayin da ya fito da shi ya bambanta da na yawancin jami'an zamaninsa: ya ga cewa tukwanen gargajiya sun dace da aikin da aka yi su dominsa, ba su bukatar wani ya zo ya gyara su. Abin da ya ga babu shi ne kwanuka da kofuna da butocin shayi na tangaran ƙirar gida, waɗanda ma'aikata da 'yan boko da ke ƙaruwa a birane za su saya maimakon na shigowa. Ya zaɓi Abuja saboda akwai itace, akwai ruwa, akwai yumɓu mai kyau a kusa, ga kuma sarki mai maraba da aikin. A 1952 aka buɗe Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja.

Maza aka shirya cibiyar domin su, kuma maza aka fara ɗauka. Sai a ƙarshen 1954 Ladi Kwali ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin. Tana da kimanin shekara 30, gwana ce da aka riga aka sani, amma ta zauna ta koyi sabon aiki daga tushe. Ta koyi gini a kan keken da ake juyawa da ƙafa, inda tukunya ke zagayawa maginiya na zaune, akasin abin da jikinta ya saba da shi tun ƙuruciya. Ta koyi haɗa ruwan ƙyallin da ake shafa wa tangaran, wanda ake yi da toka da niƙaƙƙen dutse da yumɓu. Ta koyi yadda ake jera kaya a cikin tanderun bulo mai cin itace, wanda zafinsa ke haura digiri 1,200 a ma'aunin salshiyos. Ta yi kwanuka da faranti da kofuna da tukwanen miya masu murfi, takan tsoma su a ruwan farar ƙasa ko ja, kafin ya bushe ta karce zane a kai da ƙayar beguwa. Ƙadangarunta da kifayenta suka sauko daga jikin tulu suka shiga cikin farantin cin abinci. A gindin kayan akan buga hatimi biyu: na cibiyar, mai ɗauke da sunan Abuja da rubutun ajami, da nata, haruffa biyu na boko, LK.

Da a nan ta tsaya, da ta zama ɗaya daga cikin ƙwararrun ma'aikatan cibiyar, ba ƙari. Abin da ya fitar da ita daban shi ne ba ta bar ginin hannu ba. Ta ci gaba da gina manyan tulunan Gwari yadda ta gada, tana zagaya su a sunkuye, amma yanzu da yumɓun cibiyar, wanda aka haɗa don ya jure babbar wuta. Takan zana halittunta, a cike tsagin zanen da farar ƙasa, a shafe tulun duka da ruwan ƙyalli mai ɗan kore ko duhu wanda ake hango zanen ta cikinsa, sannan a sa shi a tanderu. Abin da ya fito wani sabon abu ne da ba a taɓa gani ba a Kwali ko a Ingila: siffa da zane na Gwari, jiki kuwa mai tauri kamar dutse, mai sheƙi, wanda zai iya shekara ɗaruruwa.

Sai dai wannan tulu ba ya sanyaya ruwa. Babbar wuta ta narkar da yumɓun ta toshe ƙofofin nan, ruwan ƙyalli ya ƙara rufe su. Ya yi nauyin da mace ba za ta ɗauke shi zuwa rafi ba, ga tsadar da ba mai sayensa a kasuwar ƙauye. Duk abin da ya sa tulu ya zama tulu a gidan Bagwari ya tafi, siffar kawai ta rage. Masana tarihin fasaha sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan. Wasu na ganin an ɗauke kayan amfanin talaka an mai da shi kayan kallon masu kuɗi, an kuma sa wa gwanintar matan ƙauye farashi ne kawai bayan ta bi ta tanderun Bature. Wasu kuma na cewa tulun fili yakan fashe cikin 'yan shekaru a maye gurbinsa da wani, ba a san wadda ta gina shi ba. Tanderu ne ya sa aikin Ladi ya daɗe har aka san hannunta, aka kira sunanta. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne yawan faɗin da ake yi cewa Cardew ne ya gano ta, kamar wadda ta ɓata. Wadda sarkin ƙasarta ya riga ya ajiye aikinta a fada ba ɓoyayya ba ce. Cardew ya kawo tanderu da hanyar kasuwar waje. Ido da hannu da zanen nata ne, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye cewa a ginin hannu ita ce malama ba.

Akwai kuma wani juyi da lamarin ya yi wanda masu shirin cibiyar ba su zata ba. Kofuna da farantan da aka kafa wurin domin su ba su samu kasuwar da aka yi tsammani a cikin gida ba. Kwanon sha na ƙarfe mai fenti da tukunyar alminiyam sun fi araha, ba sa fashewa, daga baya kuma roba ta zo ta cika kasuwa. Masu sayen tangaran ɗin Abuja yawanci Turawa ne mazauna ƙasar da manyan ma'aikata. Abin da ya ɗaga sunan cibiyar, ya kuma ba ta hujjar ci gaba da wanzuwa a idon hukuma, shi ne nune-nunen da aka yi a gidan baje kolin fasaha na Berkeley da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma a can tulunan Ladi ne suka fi jan ido, masu saye suka yi rububinsu. Wurin da aka gina don koya wa maza sabuwar sana'ar Turawa sai ga shi yana tsaye da tsohuwar sana'ar mata.

Wannan ya buɗe wa wasu matan ƙofa. Halima Audu ta biyo bayanta, ko da yake ba ta yi tsawon rai ba. Sannan Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Suna da ɗakinsu a cibiyar da ake kira Ɗakin Gwari, inda suke ginin hannu, kowacce da irin zanenta. Sunayensu ba su yi tashe kamar na Ladi ba, amma masu tara kayan Abuja sun san hannun kowacce.

Daga farkon shekarun 1960 Ladi ta fara fita waje. Ta je Ingila, ta yi gini a gaban ɗalibai da malamai a makarantun fasaha da kuma Wenford Bridge, masana'antar Cardew da ke yankin Cornwall. Ta kuma je Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, maginin tukwane ɗan Gana da ya daɗe yana aiki a Abuja, suna nuna sana'arsu a jami'o'i da kwalejoji. Ba lacca take yi ba. Akan ajiye mata yumɓu a tsakiyar zaure, ta ɗaura zane, ta sunkuya ta fara zagaye, mutane na kallo tulu na tashi daga curi har ya kai wuya ba tare da wani inji ba. Ga masu kallon da suka taso da tunanin cewa ba a samun daidaito sai da keke, wannan kaɗai ya isa darasi. A 1974 wata matashiya 'yar Kenya da ke karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta zauna tana koyon ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta. A yau Odundo na cikin mashahuran maginan tukwane na duniya, kuma ba ta daina ambaton abin da ta koya a can ba.

Lambobin girma sun biyo baya. Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, abin da ba a saba gani ba ga wadda ba ta taɓa zama a aji ba, kuma ta yi zaman koyarwa ta hanyar nuni ga ɗaliban fasaha na jami'ar. A 1980 gwamnatin tarayya ta ba ta lambar NNOM, wadda ake keɓe wa waɗanda suka yi zarra a ilimi da fasaha, a 1981 kuma ta samu OON. Duk da tafiye-tafiyen da lambobin, wurin aikinta bai sauya ba. Cardew ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya karɓi ragamar cibiyar, daga baya 'yan ƙasa suka gaje shi, ita kuwa tana nan a ɗakinta tana gini, kusan shekara 30 a wuri ɗaya.

Cardew ya rasu a 1983. Ladi Kwali ta bi shi a shekarar da ta biyo, ranar 12 ga Agusta, 1984, a Minna, tana da kimanin shekara 59. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, haka ma wani titi a unguwar Wuse da ke sabuwar Abuja, da babban zauren taro na otal ɗin da aka daɗe ana kira Sheraton. Cibiyar kanta ta yi rauni a shekarun da suka biyo baya, ta rasa armashin da take da shi a zamaninta, ko da yake waɗanda suka samu horo a wurin da almajiransu sun kafa nasu wuraren, kamar na Maraba kusa da Kaduna da na Bwari.

Tulunanta masu ƙyalli yawancinsu suna ƙasashen waje. Akwai su a gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan, da gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian a birnin Washington, da tarin kayan tangaran na Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales, ban da waɗanda ke hannun masu tara kayan fasaha, waɗanda kan fito kasuwar gwanjo lokaci-lokaci a sayar da su da kuɗin da Ladi ba ta taɓa riƙe irinsa ba. A 2022 an yi wani baje koli a Two Temple Place da ke Landan a kan baƙaƙen mata maginan yumɓu, aka fara labarin daga kanta. A watan Maris na shekarar kuma kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko. Irin tulunan da ta gina a Kwali kafin 1954, na gashin fili, waɗanda aka saya aka zuba ruwa aka sha, kaɗan ne ƙwarai suka rage, domin an yi amfani da su har suka fashe. A ƙauyukan Kwali da Ushafa da kewayen Suleja har yanzu akwai matan da ke gina irinsu, suna zagaya curin yumɓu a sunkuye, suna gasawa da ciyawa, suna kai wa kasuwa ranar da take ci.